Gashin Bakin Baba

Ranar wata Asabar da safe Auta ta buɗe ƙofa ta tarar da saurayi tsaye da baƙar jaka a hannu. Ta zaci mai gyaran famfo ne, har ta fara nuna masa hanyar banɗaki.

"Mai aski ne," ya ce yana danne dariya. "Amma in famfon ya tara gashi, a fito da shi."

Kunya ta lulluɓe ta. Ta wuce gaba, ya bi ta zuwa ɗakin Baba.

Wata bakwai ke nan da Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Shekara talatin ya yi yana hedimasta, mutum ne da gyaran murya ɗaya yake sa filin makaranta ya yi tsit. Yanzu kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Mutanen gida suna ƙaunarsa, wannan babu ko tantama, amma jiran maganar ya ishe su. Da ya buɗe baki sai wani ya ƙarasa masa. A kansa ake tsayawa ana tambayar ko ya ci, ko ya sha magani, shi kuwa yana zaune yana jin su tsaf.

Mai askin ya ajiye jaka, ya durƙusa gaban kujerar ya gaishe shi. Sannan ya yi abin da Auta ta daɗe ba ta ga wani ya yi ba: ya jira amsa.

"Kwashe komai kawai," in ji Yaya, babban wan Auta, daga bakin ƙofa idonsa na kan waya. "Kai da gemu da gashin bakin duka, a huta."

Mai askin ya amsa masa da ladabi, amma bai ɗauki inji ba. Madubi ya ciro ya riƙe daidai fuskar tsohon.

"Baba, gashin bakin nan fa? A kwashe ko a bar shi?"

Mama ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ga ba ita ake kallo ba. Leɓen Baba ya yi ta rawa kusan minti guda.

"Bar... shi."

"An gama, ranka ya daɗe. Gefe kawai zan daidaita."

Gashin bakin nan yana da tarihi. Tun kafin a haifi Yaya Baba yake ajiye da shi, fari tas yanzu, mai kauri, kuma da shi tsofaffin ɗalibai suke gane shi ko daga nesa. Da aka gama, Baba ya daɗe yana kallon kansa a madubi, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafa shi sau biyu. Auta, wadda aka bai wa riƙon tawul, ta ji ƙwalla ta cika mata ido ba ta san dalili ba.

"Mai Tawul," mai askin ya ce a hankali, "ruwan ɗumin ya huce a hannunki."

Sunan ya bi ta ke nan.

Daga ranar, duk Asabar yana zuwa, ita kuma duk Asabar sai a ga ta nemi canjin aiki a kantin maganin da take aiki. Abokan aikinta suka ce ba su taɓa ganin 'yar da ta damu da askin ubanta haka ba. Ta ce ladan iyaye take nema. Suka ce Allah ya ba da lada, a gaida mai askin.

Ta lura da hannunsa kafin ta lura da fuskarsa. Ba ya taɓa kan Baba sai ya faɗa masa. "Zan juya ka hagu." "Reza ce yanzu, da ɗan sanyi." Yana aski yana ba shi labarin gari, in Baba ya ɗauko magana sai ya ɗaga almakashi ya tsaya har ta fito. Askin minti ashirin sai ya ci awa guda.

Wata rana ta raka shi ƙofa ta tambaye shi ko ba ya gajiya da jira.

"Mutum ya miƙo maka wuyansa kana riƙe da reza," ya ce. "Ai ya girmama ka. Ƙaramin abin da za ka mayar masa shi ne ka saurare shi."

Da yamma saƙonsa na farko ya shigo.

"Mai Tawul, na manta burushina a gidanku. Gaskiya da gangan na manta."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta amsa.

"Mai Madubi, burushinka yana hannun hukuma. Belinsa sai ka zo da kanka."

Haka abin ya kankama. Yakan rubuto mata, "Yau na yi wa mutum goma sha ɗaya aski, duk wanda na kalla a madubi sai in ga babu ke a bayansa." Ita kuma ta mayar masa, "Ka kula da kunnuwan bayin Allah, ni ina nan ba inda za ni." Auta ta kamu, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Mama ce ta fara ganewa, kuma ba ta yi wani ɓoye-ɓoye ba.

"Mai aski? Duk karatun nan naki? Yaron kirki ne, ban ce ba shi da kirki ba. Amma in dangi suka tambaye ni me surukina yake yi, in ce musu me? Yana kwashe ƙeya?"

"Mama, sana'a ce fa."

"Na ji sana'a ce. Ki bar shi a sana'arsa."

Yaya kuwa dama yana da nasa ɗan takarar, abokinsa da kowa ke kira Manaja saboda muƙaminsa a banki. Manaja mutum ne mai tsafta da ƙamshi da kyauta, ba ya zuwa hannu biyu. Sai dai in ya shiga wajen Baba, sai ya sunkuya daidai kunnensa ya kwarara murya, alhali kunnen Baba garau yake.

"Tsoho! Yaya jiki? Da sauƙi, ko? Yauwa, da sauƙi!"

Shi ya yi tambaya, shi ya ba da amsa, ya bubbuga kafaɗar Baba ya fito falo. Baba sai dai ya bi bayansa da kallo.

Auta ta rasa inda za ta sa kanta. Ana cikin haka aka ce dangi za su zo duba Baba ranar Lahadi, har da Gwaggo, yayar Baba, wadda tun da ya kwanta maganarta ce ake bi. Sai dabara ta faɗo wa Auta, irin dabarar da mai tsoro yake ganin ta fi kowace kyau. Ta ɗauki waya ta rubuta:

"Mai Madubina, ka zo ranar Lahadi ka gaida Gwaggo. Amma don Allah ka bar jakar a shago. In ta tambayi aikinka, ka ce kana harkar kayan gyaran gashi. Ba ƙarya ba ce sosai. In Gwaggo ta yarda, Mama ma za ta sauko. Don mu na yi."

Amsa ba ta zo ba sai bayan awa uku.

"Mai Tawul, da jakar nan na shigo gidanku, da ita kika gan ni, da ita nake ciyar da mahaifiyata. Ban taɓa ajiye ta a bayan ƙofa don wani ba. Na san tsoro ne ya sa kika rubuta, ban riƙe ki ba. Amma in sai na ɓoye ta zan samu shiga, to ba ni ne zan shiga ba, wani ne mai kama da ni. Ina sonki. Ba zan zo ranar Lahadi ba."

Ranta ya ɓaci. Ta ce girman kai ne. Ta ce ita tana ta faɗi-tashi don su, shi yana can yana lallashin jaka. Ta rubuta amsa mai zafi ta goge, ta sake rubutawa ta goge, daga ƙarshe ta yi shiru don ya ji a jikinsa.

Asabar ta zagayo, sai ga shi da jakarsa kamar kullum. Ya gaida Mama, ya gaida Baba, ya juyo gare ta.

"Malama, ina kwana. A taimaka da ruwan ɗumi."

Malama! Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta riƙe tawul har aka gama, bai ƙara kallon inda take ba, kuma bai rage wa Baba ko minti ɗaya daga awarsa ba. Asabar uku aka yi a haka. Auta ta rame, ta fara ba masu ciwon kai amsa a daƙile.

A mako na huɗu Manaja ya zo da kyauta, injin aski sabo fil a kwalinsa. Yaya ya ce shi ke nan, an huta da zaryar mai aski, ya tura masa saƙo cewa an gode, kada ya ƙara wahalar da kansa. Auta tana wajen aiki aka yi komai.

Da ta dawo da la'asar ta tarar gidan ya yi wani irin shiru. Mama na zaune a falo da kwanon abinci a cinya, ba a taɓa shi ba.

"Ya ƙi ci," in ji Mama, ba ta ɗago ba.

Auta ta shiga ɗaki. Baba ya juya fuska bango. Ta zagaya ta durƙusa ta dubi fuskarsa. Leɓensa na sama fayau, babu ko sili ɗaya. Fuskar ta koma ƙarama, karkacewar bakin da gashin yake rufewa ta fito fili. Ta ɗauko madubi don ta ce masa ai bai yi muni ba, ya sa hannun hagu ya ture shi.

"Abinci yake maƙalewa a ciki," Yaya ya ce daga ƙofa, muryarsa a sanyaye. "Manaja ya ce haka ya fi tsafta. Don shi muka yi."

Don shi muka yi. Auta ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji, domin ta san inda ta taɓa rubuta irinta.

"Kun tambaye shi?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Ya yi ta motsa baki," Mama ta ce daga bayansu, hawaye na zubo mata. "Ina tsaye. Na ga yana son magana, injin yana ƙara, ban ce su dakata ba. Shekara arba'in ina ganinsa da shi."

Manaja ya leƙo da murmushinsa. "Haba, gashi ne fa, zai tofo. Tsoho ya koma yaro! Ko ba haka ba, Tsoho?"

Auta ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, don ba a gaban Baba aka koya mata haka ba.

"Yana jinka sarai, ba sai ka yi ihu ba. Kuma hedimasta ne, ba Tsoho ba. Na gode da duk alherinka, amma ka daina zuwa domina. Inda ba a tambayi mahaifina ba, ni ma wata rana ba za a tambaye ni ba."

Kwana biyu Baba bai sa komai a baki ba sai ruwan shayi. A rana ta uku Auta ta sa mayafi ta nufi shagon da ba ta taɓa takawa ba. Ƙaramin wuri ne, kujera biyu, dogon madubi, benci ɗaya, ƙasa a share tas. Mutum uku na jira. Mai askin ya hango ta ta madubi, almakashinsa ya tsaya cak, sannan ya ci gaba.

Ba ta kira shi waje ba. Ta zauna a ƙarshen benci ta bi layi.

Mazan suka fara kallon juna. Wani dattijo mai sanƙo ya kasa haƙuri.

"'Yata, saisaye za a yi miki ko tal-kwabo?"

"Haƙuri na zo bayarwa, Baba. Sai layi ya zo kaina."

"To ni na bar miki nawa layin," in ji dattijon. "Dama ba wani abin kirki ne a kan nawa ba."

Sauran biyun ma suka ce sun yafe nasu, amma babu wanda ya motsa daga bencin. Kowa ya gyara zama.

Mai askin ya kakkaɓe wa na kan kujera wuya, ya juyo yana goge hannu. Auta ta tashi.

"Sun aske wa Baba gashin baki," ta ce. "Ba su tambaye shi ba."

Ta ga fuskarsa ta canza, kamar shi aka yi wa.

"Kwana biyu bai ci abinci ba. Ina kallonsa sai na gane abin da na yi maka. Na so in kwashe maka abin da kake da shi don ka yi wa mutane kyan gani, ban tambaye ka ba, har ina cewa don mu na yi. Ni ma ban mutunta kaina ba, tunda na ji kunyar abin da zuciyata ta zaɓa. Ka yafe mini. Ko ba ka dawo domina ba, ka dawo don Baba. Kuma ka zo da jakarka."

Mai sanƙo ya share ido da gefen hula, ya ce gashi ne ya faɗa masa.

"Ni ma ina da nawa laifin," mai askin ya ce. "Malamar nan da na yi ta kiranki, da gangan ne, don ta yi miki ciwo. Bai dace ba." Ya ɗauko jakar daga ƙarƙashin tebur. "Mu je, Mai Tawul."

Numfashin da ta sauke, har na bakin ƙofa sai da ya ji.

Mama ce da kanta ta buɗe musu. Ta kalli jakar, ta kalle shi, ta matsa gefe.

"Shigo, ɗana. Yana ciki."

Ya durƙusa a inda ya saba. Bai ce bai yi muni ba, bai ce ba komai ba.

"Baba, an yi maka ba daidai ba. Amma saiwar tana nan. Mako shida zuwa takwas zai dawo, in kana cin abinci. In ba ka ci, ni ma ba ni da dabara."

Baba ya juyo a hankali ya dube shi. Can sai ya ɗaga yatsa ya nuna kwanon da ke kan tebur. Mama ta fashe da kuka tana dariya, ta ruga ɗumamawa. Yaya ya shigo sum-sum ya durƙusa ya ba da haƙuri, kuma a karon farko cikin wata da watanni ya tsaya har Baba ya gama cewa ya yafe.

Bayan mako biyu mai askin ya zo ranar da ba Asabar ba, sanye da kayansa masu kyau, jakar na hannunsa. Gwaggo na nan, an cika falo. Ta tambaye shi aikinsa.

"Aski nake yi, Gwaggo."

"Shi ne mai askin Baba," Auta ta ƙara daga bayan labule, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Kuma shi nake so."

Gwaggo ta gyara tabarau ta ce to, za su zauna da Yaya su duba, tunda mai gidan ba ya iya magana.

"Ki gafarce ni, Gwaggo," mai askin ya ce kansa a ƙasa. "Yana iyawa. In kun ba ni izini, shi zan fara tambaya."

Aka turo Baba a kan kekensa na marasa lafiya zuwa tsakiyar falo. Mai askin ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi, a taƙaice, ba kwana-kwana. Sannan ya jira.

Bakin Baba ya fara motsi. Gwaggo ta yunƙura za ta taya shi, Mama ta dafa mata gwiwa. Yaya ya kife wayarsa. Auta ta damƙe labule har yatsunta suka yi ciwo. Ba a taɓa jira irin wannan a gidan ba.

"Na... ba... ka."

Falon ya ɗauki hamdala. Amma Baba ya ɗaga hannu, irin ɗagawar da take tsayar da filin makaranta, kowa ya koma ya nutsu. Ya kai yatsa ya taɓa ɗan tsiron da ya fara fitowa a leɓensa.

"Sai... ya... tofo."

Dariya ta ɓarke, har Gwaggo sai da ta cire tabarau. Ranar aure dai ba kalanda ce ta tsayar da ita ba. Duk Asabar ango yana zuwa duba gashin bakin da madubi, amarya na bayansa da tawul tana tambayar ko babu wani mai da ke sa shi sauri.

Da safiyar ranar ɗaurin auren, saƙo ya shigo wayar Auta.

"Mai Tawul, na gama da surukina. Ya kalli madubi ya shafa sau biyu. An ba mu izini."

Ta amsa cike da murna.

"Mai Madubina, ka zo da jakar. Na gyara mata wuri a ɗakinmu, kusa da ƙofar shiga, inda kowa zai gani."

A hoton bikin Baba yana tsakiya a kan kekensa, gashin baki fari tas, an daidaita gefe da gefe. Da aka gama ɗauka ya kamo hannun Auta ya haɗa da na angonta, ya fara magana. Mutane sun fi ɗari a wurin, babu wanda ya ƙarasa masa.

"Allah... ya yi... muku... albarka."

Sai da ya kai ƙarshe, sannan aka ce amin.